Musye Mahfuzu Ya Sanyaya Injin Goggo

Garwa ta yi sa'a da Allah ya ba ta Musye Mahfuzu. Tun da ya halarci wani taron bita a Yawunde, ya hana a kira sunansa gatsau, sai an ce Injiniya. Mahauta a kasuwa Sarkin Sanyi suke ce masa, shi kuwa yana ɗaga musu hannu, a zatonsa naɗi ne.

Iliminsa ɗaya ne tal, amma ya ishi gari: wani bututu da ake sakawa cikin sandar inji mai gudun tsiya don ya rage zafi. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya yi bayaninsa.

"Kalodik ke nan da Faransanci. Ɗan ruwa ne a ciki. Zafi ya mai da shi tururi, ya gudu ɗaya bakin ya huce, juyawar inji ta koro shi baya. Mu uku muka gane wannan a duk Arewa, biyun ma ni na koya musu."

Goggonsa Kaltumi tana da injin niƙa, da shi take ciyar da marayun ɗanta. In ya yi zafi da rana takan kashe shi ya huta. Wannan ci-baya ya hana Injiniya barci. Ya dame ta har ta ba shi makullin shago. Ya sa aka huda sandar, ya cusa bututun da ya ciro daga mataccen firji, ya toshe bakin.

Ranar gwaji ya jera kujeru, ya gayyato manyan 'yan kasuwa. Mata suka yi layi da kwanukan masara.

"Daga yau," in ji shi, "Turai ce za ta zo Garwa ɗaukar darasi."

Ya danna maɓallin kunnawa. Injin ya yi gurnani, ya kama rawa, sandar ta lanƙwashe. Hayaƙi ya turnuƙe, manyan baƙi suka tsallake kujeru. Sai injin ya mutu.

Goggo ta ɗora hannu a ka. "Mahfuzu, ka kashe ni! Me zan ba yaran nan?"

Ya jira hayaƙin ya washe, mata suka kwashe kwanukansu suka nufi wata unguwa. Can ya matsa, ya dafa injin da bayan hannu, ya yi murmushi.

"Zo ki taɓa, Goggo. Tun da kika saye shi, ya taɓa yin sanyi haka?"