Yalona Mai Ƙaya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tafi Bunguɗu koya wa surukina noman lambu ba. E, surukina na ce, mutumin da ya fara ban-ruwa a bakin gulbi tun ba a haife ni ba.

Ni malamin firamare ne a Gusau, kuma abin da ya haɗa ni da noma bai wuce cin tuwo ba. Sai wata ƙungiyar sa-kai ta unguwarmu ta shirya mana bitar kwana uku kan shuka kayan miya a cikin buhu, saboda masu ƙaramin tsakar gida. Daga kwana ukun nan da 'yar takardar shaida, shi ke nan kaina ya kumbura. Na sayo irin yalo a wata leda mai hoto a bakin titin Tsafe, na sa aka kawo mini takin garke daga Magami, na cika buhu biyar, na shuka.

Buhu huɗu ko tsiro babu. Na biyar kuwa ya taso da ƙarfinsa, ganye manya-manya, ga ƙaya tun daga kara har bayan ganye. Safe da yamma ina ba shi ruwa kamar mai jinya. Akuyar maƙwabta, wadda ta gama da zogalen gidanmu, ta zo ta sansana shi ta juya (ni a lokacin na ɗauka albarka ce).

Matata Saratu, da yake a lambu ta tashi, ta tsaya kansa wata rana ta ce, "Baban Ummi, anya wanga yalo na? Ni dai ban taɓa ganin yalo da ƙaya haka ba."

Na ce, "Ke na gargajiya kika sani. Wannan ingantaccen iri ne."

Ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ta koma wanke-wankenta.

Ana nan sai ƙungiya ta ce tana neman wanda zai je Bunguɗu ya nuna wa masu lambu dabarar buhun, don iyalansu su riƙa yi a gida. Tun ba a rufe baki ba na ɗaga hannu. Ina da dalilina. Lokacin neman aurena an tsegunta mini cewa baban Saratu ya ce, "Yaron kirki na, amma hannunai bai san ƙotar fartanya ba." Shekara bakwai maganar nan tana ci mini rai, na ce yau ga ranar wanke kai.

Na lulluɓe buhuna da tsohon zane, na sa a mota. Kafin mu isa ƙayar ta soki fasinja biyu, ina ta ba da haƙuri ina cewa kayan koyarwa ne.

A gindin wani mangwaro aka taru, dattawa bisa tabarmi, fartanyu jingine. Surukina yana can gefe. Na cire takalmi na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa, yadda aka saba tsakanin surukai. Sannan na miƙe na fara zuba: yadda ake huda gindin buhu, yadda ake gauraya ƙasa da taki, yadda ruwa kaɗan ke isa. Wallahi har nan lafiya lau, ana ta gyaɗa kai. Da na tsaya nan da na koma gida da mutuncina.

Amma ina! Sai na yaye zanen na ce, "Ga shaida, yalon da na noma da hannuna."

Wani dattijo da ake kira Malam Bawa ya matso ya leƙa, ya ce, "Malam, ita ƙayar ga fa?"

Na ce, "Masana ne suka sa masa ita, saboda awaki." (Har yau ban san inda na samo wannan ƙaryar ba.)

Wani ya yi tari. Malam Bawa ya ce, "To, ɗiyan nan rawaya, ana cin su?"

Ni da na zo wanke kai! Na tsinko ɗaya, na yi bisimilla, na gatsa.

Jama'a, na sha maɗaci ina yaro, amma ranar na san maɗaci wasa yake. Ga shi ba dama in tofar gaban suruki, ba dama in haɗiye. Na tsaya kumatu cike, hawaye na zuba, ina ƙoƙarin murmushi.

Malam Bawa ya ce, "Tofar, Malam, tofar! Gautan kura na. Cikin takin shanu irinai ka zowa. Mu nan kullum tumɓuke shi mukai, kai ko har da ɗauko shi cikin mota!"

Dariyar da aka yi, har wani tsoho sai da ya riƙe ciki ya kife kan tabarma. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Surukina kaɗai bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai kashe ni. Bai dube ni ba, sai ya ce wa na kusa da shi, "Ku ba malamin ruwa shi kurkure baki." Da aka lafa ya taso, ya zagaya buhun, ya danna ƙasar da yatsa, ya ce wa jama'a, "Ku dai duba da kyau. Tun ina yaro nike ganin gautan kura, ban taɓa ganin wanda yay yi ƙiba kamar wanga ba. Dabarar buhun nan na da kyau. Hannun ma na da kyau, ido na babu."

Ina kurkurar baki ina jin daɗi, don shekara bakwai ke nan ina jiran a yabi hannun nan. Daga nan dattawan suka dawo da tambayoyi kan buhu da gaske, na amsa da harshe mai ɗaci.

Kafin in iso Gusau labari ya riga ni ta waya. Ina shiga gida, sai Saratu ta aje mini faranti da yalo uku na kasuwa, ta ce, "A ɗanɗana na gargajiya." Bayan mako guda babanta ya aiko da dashen yalo na gaske cikin kwando, su ne yanzu a buhuna.

Har yau ina zuwa koyar da buhu, amma in an zo maganar tsiro sai in nemi gefen tabarma in zauna. Abin da na koya shi ne, duk abin da akuya ta sansana ta ƙi, matarka kuma ta ce "anya", to kada ka kai shi gaban suruki, balle ka sa shi a baki.