Rasuwar Mai Ido Biyu ta Benen Hajiya Nimatou

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda bai ragu ba duk da masu yawo suna cewa wai ƙarfe da gilashi ba sa mutuwa, Hajiya Nimatou mai koko ta Zongon Kotonu tana sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da wanda ya san abin da ya aikata, rasuwar abokiyar zamanta Jumel, ƙaramar na'urar hangen nesa ta hannu, wadda aka fi sani da Mai Ido Biyu. Ta ce a rubuta cewa ta yarda, ƙarfe ba ya mutuwa. Kashe shi ake yi.

Marigayiya ta iso gidan nan shekara huɗu da suka wuce, cikin kwali, a bayan zem, wato babur ɗin haya. Hibatullahi, 'yar Hajiya da ke koyarwa a iniversite a Abomey-Calavi, ita ta kawo ta, ita ce kuma ke riƙe da biro yanzu, don Hajiya ba ta yi lakwal ba, wato boko. Da ma akwai dogon madubin hangen nesa mai ƙafa uku a saman bene, amma da ido ɗaya ake leƙa shi. Hajiya kuwa tun da aka yi mata aikin yanar ido, in ta rufe ɗaya sai ɗayan ya yi ta hawaye. Shi ne aka cire idon nan guda, aka zura marigayiya a gindinsa, aka ɗaure noti. Nauyinta ya sa hancin madubin ya ɗaga sama, sai da aka rataya masa dutsen guga a gaba cikin tsohuwar safa. Sannan aka riƙa naɗe ta a hankali kamar littafi, har hasken idanun biyu ya haɗe ya zama ɗaya. Da ta zauna daidai fuskar Hajiya, wadda kowa ya san siririya ce, aka ɗiga jan farce a wurin, aka ce kada mahaluki ya taɓa.

Marigayiya ba ta taɓa neman batir ba, ba ta san an ɗauke wuta ba. Ba ta da surutu. In an buɗe ta ta ce "ƙit", in an rufe ta ta ce "ƙit", shi ke nan. Ba ta ƙarya. Azumi uku da Salla uku ita ke nuna wa Hajiya jinjirin wata bayan magariba, tun maza na can rufin masallaci suna ciwon wuya. Har ta kai Liman ba ya buɗe baki sai ya aiko ya ji ta bakin Hajiya. Akwai wani dillalin shanu da ya shekara ashirin ana cewa idonsa ne idon unguwa. Hajiya ta ce kada a rubuta sunansa. Ta ce a rubuta dai ana gaida Alhaji Baƙo, da fatan yana lafiya.

Jinya ta fara ne ranar wata Juma'a da Hajiya ta je suna unguwar Sainte-Rita. Ta dawo ta hau bene duba watan Sha'aban, da mata shida a bayanta, ta tarar da marigayiya a wangale, ta wuce jan farcen da faɗin yatsa biyu, ta kuma ƙi komawa. Hajiya ta dage ta leƙa haka nan. Sai ga wata biyu, ɗaya a kan ɗaya. Da yake ba ta saba ɓoye abin da ta gani ba, ta faɗa a fili. Kafin gari ya waye an raɗa mata Hajiya Wata Biyu a majalisar dillalai. Masu kai labari sun ce akwai wanda ya fara dariya tun ba su zo wurin ban dariyar ba.

An kai marigayiya wurin mai gyaran lunet, wato tabarau, a unguwar Cadjèhoun. Ya girgiza ta a kunnensa, ta ce "kacau-kacau", muryar da ba a taɓa jin ta da ita ba. Ya ce an banƙare ta fiye da ƙarfinta, gilashin ciki ya goce, sai haƙuri.

Alhaji Baƙo ya aiko da ta'aziyya, ya ce iskar teku ce, gishiri na cin komai a Kotonu. Hajiya ta gode da wannan ilimi. Tana dai so a sani cewa iskar nan ta bar kwalli a bakin robar idanun biyu, ita kuwa likita ya hana ta kwalli tun ranar aiki. Iskar ta kuma san inda ake rataye mabuɗin bene, ta mayar da shi ƙusar da ba tasa ba.

Ta rasu ta bar mijinta, dogo mai ƙafa uku, ya koma ido ɗaya. Ta bar dutsen guga a safa, ba aikin yi. Ta bar Hajiya, azumi saura kwana tara, ba ta san abin da za ta ce ba in Liman ya aiko, in ma zai sake aikowa.

Game da jana'iza, Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, an kuma bi maganarsa. Ranar Asabar bayan la'asar za a shimfiɗa marigayiya a zaure kan farin ƙyalle, a wangale, yadda aka same ta. Akwai koko da ƙosai. Duk namijin da ya zo gaisuwa zai sunkuya ya kai idanunsa bakin nata don sallama, Hajiya na zaune a gefe tana kallo. Wanda ta zauna wa fuska daidai, za a ba shi kujera, kada ya yi saurin tafiya. Daga nan sai a mayar da ita kwalinta, a rufe.

Da jin wannan tsari Alhaji Baƙo ya sake aikowa, wai tafiya ta kama shi zuwa Parakou sayen shanu, bai san ranar dawowa ba, a yi abin da za a yi kada a ɓata lokacin jama'a saboda shi. Hajiya ta ce a kai masa amsa a rubuce, kuma ga ta:

"Alhaji, a sauka lafiya, a saya da albarka. Gawar nan ba ta wari. Za mu jira ka."