Yadda Farfesa Jiƙau Ya Kawo Fari Unguwar Dosa

Duk wanda ya ce Kaduna ta rasa masana, bai taɓa biyowa ta Unguwar Dosa da hantsi ba, lokacin da Alhaji Ubaidullah Tanko ke fitowa ƙofar gida ya duba ko duniya ta kwana yadda ya bar ta. Dogon mutum ne, ya kuma ƙara da doguwar hula, saboda wasu ba sa lura da baiwa sai an ɗora mata alama. Ya yi wa gwamnati aiki har furfura ta cim masa, a wata ma'aikata da ba zan kama sunanta ba, don ina da jikoki masu neman aiki. Ya yi ritaya yana Mataimakin Darakta na riƙo, a sashen da ke tsara wa zai zauna a kujera mai hannu, wa zai zauna a benci. Kalmar "riƙo" ta faɗi a hanya tsakanin ofis da gida. "Mataimaki" ma ba ta jima ba ta bi ta. Yanzu Darakta ne, har mai shayi ya sani.

Noma kuwa a jininsa yake. Ya sha wucewa ta gefen gonaki a mota.

Ana nan sai wasu masana suka shirya bita a wani otal cikin gari, don manoman can arewa inda ruwa ke ɗaukewa da wuri, da masu noman rani da gishiri ya fara cin ƙasarsu. Kujeru suka yi yawa, wani surukin Alhaji ya tuna da shi. A wurin aka yi bayanin wani sinadari da tsiro ke yi a jikinsa, wanda ke tashin ƙwaya daga barci. In an jiƙa iri a cikinsa kafin shuka, yakan taimaka masa ya fito da ƙarfi, ya ɗan jure ƙishi da ƙasa mai gishiri. Wannan duk Alhaji ya ji. Bayanin awo ne aka ajiye sai bayan cin abinci, kuma shinkafar otal ɗin ta yi nauyi. Ya farka ana tafi. Ya dawo gida da jaka, da hular hana-salla, da 'yar kwalbar sinadarin kamar ta turare. Kafin la'asar matan layinmu sun raɗa masa Farfesa Jiƙau. Rabin sunan ya kai kunnensa, ya karɓa hannu biyu.

Saura iri. Na kasuwa bai dace da matsayinsa ba, kowane kare da doki na iya saye. Sai idonsa ya faɗa kan gwangwanin da ke saman kantar kicin.

Matarsa, Hajiya Safara'u, tana da kuɓewa da ta gada wurin mahaifiyarta, daga wani ƙauye a bayan Makarfi. Gajeriya ce, mai yauƙi, ba a samun irinta a Kawo ko an zaga kasuwar da fitila. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan take shuka ta a bayan ɗaki kowace damina, ta bar wasu su bushe a jikin uwa, ta ɓare, ta adana cikin toka. Tsohuwar ta rasu, gidan ƙauyen ya watse, gonar ta zama fegi. Abin da ya rage na Inna a duniya, bayan addu'a, yana cikin gwangwanin nan.

Ranar da Hajiya ta tafi suna Hayin Banki, Farfesa ya sauke gwangwanin. Ya baje ƙwayoyin a faranti, ya sa tabarau, ya zauna tantancewa. Masu ƙiba da sheƙi ya ware su gefe, manyan ma'aikata ke nan. 'Yan ƙanana da ƙanjamammu kuwa ba su cancanta ba. Ya sallame su daga aiki nan take, ya leƙa ta katanga ya watsa su lungun baya, bakin rariyar banɗaki.

A jikin kwalbar an rubuta ɗigo kaɗan a bokitin ruwa. Ya karanta, ya yi murmushin wanda ya kama kuskuren yara.

"Ɗigo? A ina aka taɓa ba babban ma'aikaci alawus ɗin masinja?"

Ya tuttule kwalbar duka a kofin shayi, ya zuba manyan a ciki.

Hajiya ta dawo ta tarar da gwangwani a kife, toka a ƙasa. Ta daɗe a tsaye da mayafinta a kafaɗa.

"Alhaji, kuɓewar Inna ce fa. Babu wata."

"Da ke nan, Hajiya. Daga yau sunanta Ubaidullah Ta Ɗaya. Mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, ta yi iyakar abin da mutumin ƙauye zai iya. Yanzu abin ya zo hannun hukuma."

Hajiya ta ɗauko tsintsiya. Ta share tokar, ta mayar da gwangwanin wurinsa ba komai a ciki.

A yi wa mutum adalci, irin ya fito. Ya fito kamar ana korarsa daga ƙasa. Kafin kuɓewar mutane ta kai gwiwa, ta Farfesa ta kai ƙirji, ba da jimawa ba tana leƙen gidan maƙwabta. Siririya ce kamar tsinken tsintsiya, fara fat, ganye ɗaya nan ɗaya can, iska na kaɗawa sai ta rusuna. Ya kafa wa kowacce sanda, ya ɗaure ta da igiya. Kullum yana tsaye a gefensu ana ɗaukarsa hoto, shi dogo su dogaye, kai ka ce taron dangi ne. Fure dai shiru. Mai unguwa ya tambaya, ya ce masa manya ba sa gaggawar haihuwa.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne Kaduna kanta. An ce maganin na fari ne da gishiri, ga shi Unguwar Dosa ba ta da ko ɗaya. Watan Agusta ne, sama ta buɗe baki, kwata na ambaliya, kaya ba sa bushewa a igiya. Ƙasar kuma, ya ɗanɗana da harshensa, lami. Farfesa ya ɗauki wannan a matsayin zagon ƙasa. Wani mai ƙaramin tunani zai haƙura ya ce Allah ya hutar da shi. Shi kuwa ya saba, in ofis ba shi da matsala, a nemo masa ita, in ba haka ba me za a rubuta a rahoto?

Ya kira Bala kafinta ya yi wa lambun rumfar kwano, aka zagaye da leda, ko yayyafi ba ya shiga. Fari ya samu. Gishiri kuma ya fara da na kicin, bai isa ba, ya je Kawo ya ciko Keke Napep. Ya barbaɗa, ya jiƙa, ya ƙara barbaɗawa, har ƙasar ta yi fari kamar an shafa mata hoda.

"Wannan ita ce jarrabawar ƙarin girma," in ji shi. "Wanda ya ci, ya wuce."

Waɗanda suka fara gane darajar binciken su ne awakin Zuwaira maƙwabciya. Suka yaga leda, suka shigo, suka duƙufa lasar ƙasa ido a lumshe. Ya kore su, suka dawo da 'yan uwa.

Ita kuwa Hajiya Safara'u, wata safiya ta zaga lungun baya zubar da shara, sai ta ga ganye mai yatsu a bakin rariya. Ta durƙusa. Ta san ganyen nan kamar tafin hannunta. Korarrun ne, waɗanda ba su cancanta ba, sun sha ruwan wanka da na sama sun miƙe abinsu, gajeru, kore shar. Ta kewaye su da ƙaya da wani tsohon kwando saboda awaki, ta kama bakinta. Da suka yi 'ya'ya ba ta tsinki ko ɗaya ta sa a miya ba. Ba su da yawa. Ta ɗaura wa kowanne tsumma, yadda Inna ke yi wa na iri, tana jiran su bushe.

Ranar baje koli ta zo. An kafa rumfa, an jera kujeru bisa muƙami, tsofaffin abokan ofis sun hallara da manyan riguna, mai unguwa a gaba. Farfesa ya yi jawabi a kan yunwar Afirka da yadda za ta ƙare daga bayan ɗakinsa. Sannan aka yaye leda. Sanduna na nan tsaye ƙyam, a yi musu shaida. Abin da aka ɗaure a jikinsu ne ya zama igiya a kan igiya. Akuya ɗaya ta ɗago kai ta dubi manyan baƙi, ta koma aikinta.

"Ranka ya daɗe," in ji mai unguwa a hankali, "kuɓewar fa?"

Wani da ya zaga lungu kama ruwa ya dawo yana cewa ai ga kuɓewa can a baya, har da 'ya'ya. Farfesa bai ko ƙifta ido ba. Shekarun ofis ba su tafi a banza ba.

"Reshenmu na biyu ke nan. Da gangan na tura su can, horo na musamman. Bismillah, ku biyo ni."

Manyan mutane suka tattare riguna suka shiga lungu ɗaya bayan ɗaya, suna toshe hanci cikin ladabi. Farfesa ya ture kwandon da ƙafa, ya tsaya daidai bakin rariya, ya nuna tsummokaran a matsayin lambar da ya sa don bincike. Ya sanar cewa kowane babban baƙo zai tafi da ƙwaya ɗaya ta tunawa, za a fara daga mafi girman muƙami.

Katanga ce kawai tsakaninsa da Hajiya, kuma ta ji komai. 'Ya'yan ba su gama ƙosawa ba, in aka tsinke su yau, kuɓewar Inna ta ƙare a aljihun 'yan fansho. A gabanta akwai baho cike da ruwan wanke-wanken girkin taron nan, da maiƙo da ƙanzo da kumfa. Ta kinkime shi ta shiga banɗaki.

Farfesa ya sunkuya, ya miƙa hannu. Rariya ta yi gyaran murya, sannan ta yi magana. Ruwan ya wanke takalmin, ya hau wando, ya kama gindin babbar riga ya riƙe. Manyan baƙi suka watse ba bisa muƙami ba.

"Wane ne wannan?"

"Ni ce, Alhaji," muryar Hajiya ta fito ta saman katanga, a sanyaye. "Lokacin ban-ruwan reshe na biyu ne. Akwai wani bahon ma, in ba a gama jawabi ba."

An gama jawabi.

Kuɓewar ta bushe a jikin uwarta. Hajiya ta ɓare ta, ta zuba cikin toka, gwangwanin kuma ya bar kicin ya koma ƙasan akwatinta, makullin a ɗaure a bakin zane.

Ranar taron da magariba ta kawo masa tuwo da miyar kuka. Ya kai loma ɗaya, ya ajiye hannu, ya gyara zama irin na mai shirin rubuta takardar tuhuma.

"Hajiya, miyar nan ba gishiri."

"Gishirin gidan nan duk yana wurin bincike, Farfesa. In za ka je ka lasa, ka bi layi. Awakin Zuwaira sun riga ka kama aiki."