Ni da Iya a Ɗakin Likitan Haƙori

Ko me zan manta a zamana na Yamai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka uwar mijina wurin likitan haƙori ba. Ita ce mai ciwo, ita aka cire wa haƙori, amma ni ce na fito ina rufe fuska da mayafi.

Ni ƴar Maradi ce, ina koyar da yara a wata lakwal a unguwar Lazaret. Maigidana mutumin Damagaram ne, aikin gwamnati ya kawo shi nan. Kafin wannan rana na yi ɓari sau biyu. Duka biyun da wuri na faɗa (ni bakina ba ya riƙe abin daɗi), aka yi ta barka, daga baya masu barkar nan su suka dawo jaje. Da Allah ya sake ba ni na uku sai na ɗinke bakina. Daga ni sai maigida sai saj-fam, wato ungozomar da ke yi mini awo. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Ko buta na ɗaga sai na tsaya na saurari jikina.

Ana cikin haka wata abokiyar aikina ta turo wani vokal, saƙon murya, a grup ɗinmu na malamai a waya. Wani mutum ne mai murya a natse, irin muryar da ko ƙarya ta faɗa sai ka ce na'am. Ya ce baƙin cikon nan da ake yi wa haƙori, wanda muke cewa plombaj, akwai merkur a ciki, wato zaiba, ruwan nan mai ƙyalli na cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Ya ce guba ce, tana bin jini, tana hawa ƙwaƙwalwa, kuma in mace tana da juna biyu har abin da ke cikinta take taɓawa. Bai ƙarasa ba na riga na isa gaban madubi da tocilar waya. Ga su nan baƙi ƙirin a turamen haƙorana, hagu da dama, tun ina lise, wato sakandare, aka yi mini su, ladan alawar madara da na sha a ƙuruciya.

Nan take na yanke hukunci: su ne suka cinye mini ƴaƴa biyu. Ba likita, ba awo, ni kaɗai na yi bincike na gama shari'a a gaban madubi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na daina tauna da gefen dama, sai na tuna hagu ma akwai, na koma fura da kunu. Maigida ya ce in tambayi saj-fam, na ce me ya haɗa ungozoma da haƙori. A lakwal kuwa na zama mai wa'azi. Lokacin hutu sai in sa malamai su buɗe baki ɗaya bayan ɗaya ina haskawa, ina girgiza kai kamar wadda ta san abin da take dubawa. (Har direkta ya buɗe mini, bawan Allah. Ashe shi haƙoran ma ba su cika ba balle ciko.)

A wannan tsakanin ne Iya, uwar mijina, ta iso daga Damagaram da kumburin kumatu. Turmin haƙorinta ya daɗe yana hana ta barci, ta yi kanumfari, ta yi ruwan gishiri, abin ya gagara.

Ya kamata ku san Iya. Mace ce ta da, mai kawaici. Maigidana ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, "yaron nan" take cewa, alhali yaron nan furfura ta fara fito masa a gemu. Ba ta taɓa yi mini gorin haihuwa ba. Da na yi ɓari na biyu, man shanu ta aiko mini da dabino, da saƙon cewa in ci abinci. Ina son ta har raina, amma ko ruwa ba na iya sha a gabanta ba tare da na juya baya ba. To irin wannan matar ce zan buɗe baki in ce mata ina da ciki? A wurinmu ba a yi. Suruka ba ta faɗa, uwar miji ba ta tambaya, ana bari ne zani ya yi bayani da kansa.

Da maigida ya ce in kai ta wurin dantis, shi yana da taro a buro, sai na ji daɗi a ɓoye. Na ce a raina in an gama da ita sai in sa a ƙwaƙule mini nawa, in huta. Ban gaya masa ba, don na san zai hana.

Wani ɗan asibitin haƙori ne a hanyar Katako, ɗakin jira cike da mutane kowa riƙe da muƙamuƙi. Likitan Bazabarme ne haifaffen Yamai, mai fara'a, Hausarsa ta kasuwa ce, ba kwana ba sakayawa. Ya duba Iya ya ce haƙorin ya riga ya mutu, sai cirewa. Aka yi mata allura, aka cire, ko uhum ba ta ce ba. Ya tura mata auduga ya ce ta cije, kada ta yi magana kada ta tofar har mu isa gida. Da ta miƙe jiri ya ɗan ɗebe ta, sai ya zaunar da ita a wata kujera a kusurwar ɗakin ya ce ta huta tukuna.

Sai ni madam na gyara mayafi, na hau kujerar, na buɗe Faransancina na ranar biki. Na yi masa bayanin merkur tun daga tushe, kamar shi ne ɗan aji ni ce mai alli. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya amsa da Hausa. Ya ce bai dace mu yi ta Faransanci a gaban tsohuwa kamar muna gulmarta ba. Ni kuma na ce gaskiya ne, har ina yaba masa ladabi. Da na san abin da ladabin nan zai jawo mini, da na roƙe shi ya yi rashin kunya.

Ya duba bakina da ɗan madubinsa. Ya ce mai vokal bai yi ƙarya duka ba, lalle akwai merkur a cikin baƙin ciko, haɗe da wasu ƙarafa, shi ya sa yanzu shi kansa ya fi yin farin ciko, musamman ga yara da mata masu ciki da masu shayarwa. Amma ya ce cikon da ya zauna lafiya abin da yake fitarwa kaɗan ne ƙwarai, kuma ba a fasa haƙori mai lafiya don jin wani vokal. Na ce ni dai a cire. Ya ce babu dalili. Na ce bakina ne ko nasa? (Ku ji fa, a gaban Iya.) Da ya ga na kafe, ya sake dubawa ya ce akwai guda ɗaya da gefensa ya ɗan tsage, wannan dama wata rana sai an canza shi, in na matsa zai yi mini shi yau, sauran kuwa ba zai taɓa ba. Na ce a fara da shi.

Ya kwantar da kujerar, ya ɗaura mini ƙyalle a wuya, ya jawo fitila. Yana sa safar hannu yana jero tambayoyinsa na kullum: hawan jini, ciwon suga, ko akwai maganin da jikina ba ya so. Ina ta cewa babu. Sai ya ce, kamar mai tambayar kuɗin tumatir:

"Madam, kina da ciki?"

Na saci kallon kusurwa. Iya na zaune, kumatu cike da auduga, carbi a hannu. Na ji bakina da kansa ya ce, "A'a."

Ya ce madalla. Ya cusa mini auduga gefe da gefe, ya rataya mini ɗan bututun nan mai tsotse yawu, ya ci gaba da hira yana haɗa kayansa. Ya ce yana tambaya ne don da a ce akwai, ko kusa ba zai taɓa cikon ba, tunda ba ciwo yake mini ba. Ya ce lokacin da ake fasa shi da inji ne tururin merkur ɗin ya fi fita, shi ya sa mai juna biyu ake ce mata ta bari sai ta sauka lafiya. Yana faɗin haka ya taka injin don gwaji, abin ya ɗauki kuka kusa da kunnena.

Ashe abin da nake gudu, shi na zo da ƙafata na biya a yi mini. Garin gyaran gira zan rasa ido. Na tuna daren da na yi ɓari na biyu, da yadda na riƙa wanke zanin ina kuka ba sauti. Ga Iya a gefe, ga inji a gefe. Na ce a raina bari in ɗaga masa hannu a hankali, in yi masa raɗa da Faransanci. Dabara ce mai kyau, sai dai jikina bai jira ta ba.

Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa na zabura ba. Goshina ya daki fitila, gwiwata ta ture farantin kayan aiki, ƙarafa suka watse a ƙasa, kofin kurkure baki ya kife mini a cinya. Na yi magana, amma da auduga da bututu a baki abin da ya fito ya fi kama da kukan tunkiya. Likita ya tambaya ko ya ji mini ciwo ne, alhali ko taɓa ni bai yi ba. Na fizge bututun, na tofar da audugar, Faransancin nan duk ya gudu ya bar ni, na ce da Hausa tsantsa, da muryar da nake tsawata wa ƴan aji:

"Ina da shi. Ina da ciki, likita, kada ka taɓa."

Ashe ƙarar faɗuwar ƙarafa ta riga ta sa mai taimaka wa likita ta buɗo ƙofa daga ɗakin jira, kuma a buɗe ta bar ta. Can sai na ji muryar wata mata daga waje, cikin ciwon haƙorinta, ta ce Allah ya raba lafiya. Wasu suka ce amin.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na juya wajen Iya. Ta ba ni baya, ta ƙura wa wani hoto na bango ido, hoton yadda ake goge haƙori da rubutun Faransanci a ƙasa. Iya da ba ta taɓa shiga lakwal ba, ta tsaya tana karanta shi da natsuwa kamar za a yi mata jarrabawa a kai.

Likita dai mutumin kirki ne, bai yi dariya ba sai a idanunsa. Ya rufe ƙofa, ya rage murya, wannan karon da Faransanci. Na gaya masa zancen ɓarin, hawaye na zuba. Ya ce shi ba zai iya faɗin abin da ya jawo su ba, wannan sai likitan mata, amma mata da yawa da irin cikon nan a bakinsu suke haihuwa lafiya, in daina ɗora wa haƙorana laifi in koma cin abinci, don yunwar da nake yi wa kaina ta fi cikon zama abin tsoro. Tsagaggen kuma ya ce a sa masa ido, in ya fara ciwo in dawo, akwai abin da za a yi ba tare da haɗari ba. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, amma na kunya yana nan daram.

Muka ratsa ɗakin jira, zanina a jiƙe, goshi ya fara tashi, mutane suna ta matsa mini hanya da ladabin da ban roƙa ba. Na tare taksi na ce mu kaɗai zai ɗauka, don ba zan iya haɗa ido da kowa ba. Ni ina kallon taga ta dama, Iya ta hagu. Ina ta saƙe-saƙe, ko ta ji haushin ƙaryar da na yi a gabanta, ko ta ga rashin kunyata.

Da muka sauka daga gudron, wato kwalta, muka shiga hanyar unguwa, direba ya faɗa wani rami da gudu har kanmu ya kusa taɓa rufi. Sai na ga Iya ta sa yatsu biyu ta zaro audugar da aka ce kada ta cire, ta ɗan matsa gaba ta taɓa kafaɗarsa.

"Ɗana, bi a hankali," in ji ta. "Ba mu biyu kaɗai ka ɗauko ba."

Ta mayar da audugarta, ta ci gaba da kallon taga. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, na yi kukan da ban san ko na kunya ne ko na daɗi ba, har ƙofar gida.

Na sauka lafiya, mace na haifa. Yarinyar tana nan, yanzu haka haƙoranta duk sun fito, ba ta bar kowa da cizo ba. Tsagaggen cikon sai bayan na yaye ta aka canza mini shi da fari, sauran suna nan inda suke, muna zaman lafiya.

Abin da na koya shi ne, in likita ya yi tambaya a ba shi gaskiya tun yana tambaya a hankali, don maganar da na ji kunyar raɗa wa mutum ɗaya sai da na yi shelarta ga ɗakin jira guda. Iya kam har yau ba ta yarda ta ji komai ba. In aka tambaye ta yaushe ta san da zuwan jikarta, cewa take ita ma sai da aka haihu aka buga mata waya.