Ranar da Na Kai wa Banki Kuɗin da Ba Ya Bi Na

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga wani banki a Birnin Kebbi rungume da jaka cike da kuɗi ba, ina taku kamar wanda ya zo ceton gari. Amma bari in faro daga inda bakina ya ja mini.

Yayana ya rasu a farkon damina. Ma'aikacin gwamnati ne, ya bar mata da 'ya'ya huɗu a gidan da ya saya a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi da bashin banki, irin wanda ake riƙe takardun gida ana cira daga albashi duk wata. Muka kai shi gida Argungu. Kafin a yi masa salla, liman ya yi tambayar da aka saba: wa zai ɗauke wa mamaci bashin da ke kansa? Yawanci wani dattijo ne kan amsa a hankali, a wuce wurin. Ni kuwa (malamin firamare, wanda albashinsa bai taɓa ganin ashirin ga wata ba) sai na ɗaga murya har sahun baya: "Duk bashin da ke bisa Yaya, ni na ɗauka, ni ɗai!"

Aka yi ta sa mini albarka, kaina ya kumbura. A raina abin bai wuce na tela da mai shago ba.

Ranar sadakar bakwai Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya ja ni gefe. "Kai kac ce ka ɗauka, ko? To gidan Badariya da saura. In banki ya amshe shi, ina ɗiyan ga za su?" Da ya faɗi adadin, sai da na nemi wurin zama.

Na tsorata ƙwarai, amma na rantse ba za a fitar da 'ya'yan Yaya daga gidan ubansu ina numfashi ba. Na sayar da babur ɗina. Na sayar da shinkafata ta fadama tun tana tsaye, a wulaƙance. Na bi kawunnaina masu albasa a Augie ɗaya bayan ɗaya ina neman rance, har suka soma shigewa gona in sun hango ni. Wata huɗu ina wannan fama, ban taɓa taka bankin na yi tambaya ba, don tsoro nake in sun gan ni su tuna da gidan.

Duk zuwana Badariya, Anti Balki, matar Yaya, tana takaba, takan fara, "Malam, ai zancen gidan nan..." ni kuma in ɗaga hannu. "Anti, mai takaba ba ta tunanin kuɗi. Komai na hannuna." (Har wani daɗi nake ji in na faɗi haka, Allah ya yafe mini.)

Abin da na tara bai kai rabi ba, amma na ƙudura zan zube musu in roƙi sassauci. Na ƙi turawa ta waya, don ina so a gan su da ido. Na sa babbar riga, na ɗauki Baffa a matsayin shaida. Muna shiga na tsallake layi, na dire jaka a gaban wani ma'aikaci ɗan kudu, haifaffen Birnin Kebbi, na buɗe murya: ni ne ƙanen marigayi wane, na zo biyan bashinsa, duk mai son taɓa gidan marayu sai ya bi ta kaina.

Mutumin ya duba kwamfuta, ya dube ni, ya tambaya da Hausar da ta fi tawa gogewa, "Malam, ka sa hannu ka tsaya mishi sa'adda ya amshi bashin?"

"A'a."

"To banki ba ya bin ka ko kwabo. Bashin mamaci daga abin da ya bari ake biya. In ya kasa, gidan muke riƙewa, ba ɗan'uwa ba."

"Amma gaban liman na yi alkawari!" Da zafi na faɗa, kamar an hana ni gado.

"Allah shi ba da lada, amma liman ba ya cikin takardunmu." Na ji wani a layi ya ƙyalƙyale. "Kuma bashin ga yana da inshora, da mutum ya rasu ita ke cike saura. Wata ukku ke nan da Madam ta aiko ƙanenta da takardar shaidar rasuwa. Yau ma ta zo amsar takardun gidan. Ga ta can."

Na juya. Anti Balki ce zaune kan benci, kwananta biyu da fita takaba, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. Tun daga jawabina tana nan. Na nemi Baffa, ashe shaidan nawa tuni ya tuna yana da alwala a waje.

Sai da na sunkuya na tattara jakata a gaban kowa, zif ɗin ma ya ƙi rufuwa. A bakin ƙofa ta iso ni, ba ta yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. "Malam, sau nawa ina son in hwaɗa maka, kana katse ni? Gida bai taɓa damuna ba. Kuɗin makarantar yara ne damuwata, biyu na zaune gida tun wancan wata."

Wato ina can ina yaƙi da banki, yaran da nake yaƙin dominsu an koro su daga aji, ni malami ban ma lura ba. Nan kunyar ta ainihi ta kama ni.

Na mayar wa kawunnaina nasu (biyu sun rantse sun ba ni fiye da haka), nawa kuma washegari na kai makarantar yaran, ba babbar riga, ba jawabi. Har yau ina nan kan bakana, 'ya'yan Yaya nauyina ne. Sai dai yanzu na koyi cewa kafin ka ceci mutum, ka daure ka bari ya gama magana.