Ranar da Na Lulluɓe Rudun Albasar Baba

Ba zan taɓa mantawa da warin nan ba. Har yanzu in na ga tampol sai gabana ya faɗi.

Baba noman rani yake yi a ƙasan madatsar Goronyo. Tunda na gama sakandare na zama malamar waya a gidanmu, komai aka rasa sai a ce, "A tambayi Hadiza ta bincika." Ni na saka albasarmu a intanet, har wani ɗan kasuwa daga Anacha ya yi bincike ya ci karo da lambarmu, ya ce zai kwashe duka, babu dillali a tsakani. Kaina ya kumbura, wallahi.

To, albasar tana cikin rudu, rumbun karan nan da iska ke ratsawa. Baba ya tafi ta'aziyya garin Maikujera, ni kuma na ga hadari ya fara haɗowa. Na rubuta a waya: yadda ake adana albasa. Amsar farko ta ce a rufe ta ruf, kada iska ta shiga. Ban karanta sauran ba (wa ke karanta sauran?). Na aro tampol biyu na lulluɓe rudun, na danne da duwatsu. Inna ta ce, "Mi kike aza ma rudu haka?" Na ce, "Inna, bincike ne." Kwana tara, cikin zafin bazara.

Baba ya dawo ranar da ɗan kasuwan Anacha ya iso da motarsa, maƙwabta sun taru kallo. Baba na cikin ce wa baƙon, "Ɗiyata ce ta samo ka," ya hango tampol. Ya ce a yaye shi. Da aka yaye, wani baƙin ruwa ya gangaro har kan takalmin baƙon. Mutumin ya toshe hanci ya koma mota, ko sallama babu.

Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Cewa kawai ya yi, "Karanta mini binciken naki duka." Na karanta. Ashe maganar rabin albasa ake yi, wadda aka yanka za a sa a firji.

Noman shekara guda! Yanzu in wayata ta faɗi magana, sai na kai wa Inna ta duba tukuna, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba.