Ƙarar Barista

A duk faɗin Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, babu wanda ya san doka kamar Alhaji Isiyaku Barista. Wannan magana ce tabbatacciya, domin daga bakinsa muka ji ta, kuma ba sau ɗaya ba.

Asalin sana'arsa dillancin albasa ne a Kasuwar Shasha. Ɗaukaka ta same shi wata shekara da aka kira shi kotu ya ba da shaida a kan wata motar albasa da ta ruɓe a hanya. Ya yi sammako, ya kama benci na gaba. Kafin a zo kansa alƙali ya ɗage zaman, daga baya masu rigimar suka sasanta a gida. Da wani ne, da ya koma kasuwa yadda ya fito. Alhaji kuwa ya dawo da ilimi. Ya sayi baƙar kwat a gwanjo, yana ɗora ta a kan jamfa komai zafin rana. Ya sayi jakar hannu mai makulli. Waɗanda suka taɓa leƙa cikinta sun ce goro ne da carbi da man zafi, amma ba a gina magana a kan jita-jita.

Tun daga lokacin doka ta sami mai tsaronta. Mai shayi ya rage masa madara, ya ce su haɗu a kotu. Ɗan okada ya fantsama masa ruwan kwata da babur, su haɗu a kotu. Har zakaran maƙwabcinsa ya sha gargaɗi ta kan katanga. Kawo yau ba a haɗu ba. Alhaji ya ce tausayi ne yake riƙe shi, mu kuma muna yi masa addu'ar Allah ya ƙara tausayin.

Haifaffen Ibadan ne, saboda haka harsuna uku gare shi. Da Hausa yake gaisawa, da Yarabanci yake ciniki, da Turanci yake tsorata mutane. Idan ransa ya ɓaci sai ya zuba su tukunya ɗaya.

To, a mako guda abubuwa biyu suka same shi. Matar ɗansa Abdulsamad ta haifi namiji, jikan fari. Washegari kuma wata ƙaba da Alhaji ya daɗe yana ɓoyewa a ƙarƙashin kwat ta ƙi ɓoyuwa, ta murɗe masa hanji a tsakiyar ciniki. Aka ɗauke shi a bayan motar albasa zuwa wani ƙaramin asibiti da ke gangaren unguwa, aka yi masa aiki, aka dace. Da muka je dubiya ya shaida mana cewa ya zo ne ya ga yadda ake tafiyar da wurin.

Abin da ya hana shi sukuni ba ɗinkin ba ne, sunan ne. A gidansu babban da ya zauna kusa da liman ranar suna shi yake raɗa masa sunan jariri. Alhaji ya riga ya sanar da rabin Shasha cewa za a yi masa takwara. Idan kuwa bai fito ba, babban da ya rage shi ne kakan yaron na wajen uwa, Alhaji Sammani na unguwar Ojoo. Kowa ya san sunan da ya fi kusa da bakin Alhaji Sammani.

Shi ma ya zo dubiya, da lemo a leda. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Alhaji, kada ka takura kanka. Ka huta sosai. Idan Alhamis ta yi ba ka fito ba, ai ina nan. Ragon ma na saya."

Bayan fitarsa Alhaji ya sa aka mayar da lemon ƙarƙashin gado.

Sharaɗin likita guda ne. Wanda aka taɓa hanjinsa ba ya cin abinci, ba a kuma sallamarsa, sai hanjin ya farka. Alamar farkawar kuwa aba ce da kowane ɗan Adam ya sani, wadda ba a yin ta a sahun salla. In ta zo, sauran ma za su biyo baya. Abin da ke gaggauta ta shi ne mutum ya tashi ya riƙa takawa a baranda.

Nas biyu ke kula da ɗakin maza. Akwai Sista Abeke, dattijuwa 'yar asalin Ibadan, wadda ta ga marasa lafiya iri-iri har fuskarta ta daina mamaki. Akwai kuma Nana Firdausi, 'yar Sabo, wadda Alhaji ya ci tuwon sunanta. Ita ce ta durƙusa ta yi masa bayani a hankali, ta ce, "Baba, ko zuwa bakin ƙofa ne ka taka. Kuma idan an samu labari, ka faɗa mana."

Alhaji ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke, 'yar nan. Mutumin da ya zauna a gaban alƙali kike cewa ya yi yawo cikin rigar da ba ta da baya? Kuma in kawo miki rahoton cikina? Wannan sirri ne tsakanina da Mahaliccina. Doka ta kare shi. Sashe ne guda."

Ba ta tambayi wane sashe ba. Ta gyara masa matashi ta wuce.

Da azahar Hajiya Ashatu, uwargidansa, ta zo da tuwo da miyar kuka a kula. Ƙamshi ya cika ɗaki. Alhaji ya miƙa hannu ke nan Sista Abeke ta iso, ta rufe kular, ta miƙa wa Hajiya da murmushi. A nan haƙurin Barista ya ƙare. Ya ga Bayarabiya ce, sai ya ɗauko Yarabanci, ya ɗora masa kalmar Turanci guda don ya yi nauyi.

Dole a ɗan tsaya a nan. A Turanci, idan mutum zai maka wani a kotu, "su" ake cewa. A Yarabanci kuma akwai wata kalma, "shu", wadda ake faɗi idan mutum zai zaga bayan gida. Amma mutanen Ibadan ba su cika wahalar da harshensu da "sh" ba. Su "su" suke cewa. Kalmomin biyu sun daɗe suna zaune lafiya a garin nan, kowace a gidanta, sai ranar da Alhaji ya haɗa su.

Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ma su." Nufinsa, zai kai ƙara.

Fuskar Sista Abeke ta washe. Ta amsa da Yarabanci, "Amin, Baba. Abin da muke roƙo ke nan tun jiya."

Alhaji bai taɓa ganin taurin kai irin wannan ba. Ya ce yau ɗin nan zai yi, ba gobe ba.

"Da mun gode wa Allah."

Ya ce kada ta zaci ƙarami zai yi. Babba zai yi, wanda ba a taɓa gani ba a asibitin nan.

"Ko ƙarami ne, Baba, muna murna."

Ya ce sai duk Ibadan ta ji.

"Ɗakin nan kaɗai ma ya ji, ya wadatar."

Wani tsoho a gadon kusa ya dafe ɗinkinsa don dariya, yana roƙon a yi masa rai. Sista Abeke ta fita ta dawo da fo na ƙarfe, irin wanda ake kai wa wanda ba ya iya tashi, an rufe shi da ƙyalle fari. Ta ajiye a gefen gado, ta ja labule, ta ce kada ya ji kunya, kowa da haka ya fara.

Akwai masu cewa ba ta fahimce shi ba ne. Mai yiwuwa. Sai dai matar nan da Turanci ta yi karatu, kuma ba a cika mako ba wani ɗan'uwan mara lafiya bai yi mata alkawarin lauya ba. An lura cewa duk wanda ya ɗaga murya, ita sai ta rage tata. Ta ba shi kujera, ta nuna masa ofishin da ake kai kuka, ta koma ta ba mara lafiyarsa magani a kan lokaci. Ban ce komai ba. Fo dai ya zo da sauri.

Daga bayan labule Alhaji ya aika a kira masa Nana Firdausi. Ya yanke shawarar komawa Hausa, harshen da babu mai karkata masa shi.

"Ki buɗe kunne. An hana ni abinci. An tsare ni ba bisa ƙa'ida ba. An kawo mini kwano a gaban iyalina. Wallahi sai na yi ƙara."

Ta sunkuyar da kai da ladabi. "Baba, ai ƙarar muke jira."

"Ba ki gane ba. Shigar da ƙara zan yi."

"Fitar da ita likita ya ce, Baba, ba shigarwa ba."

Hajiya Ashatu ta ja mayafi ta rufe baki. Da ta samu numfashi ta ce, "Alhaji, don Allah ka yi musu abin da suke so mu tafi gida."

Ya ce ita ma zai sa sunanta.

Haka aka wayi gari Laraba, suna gobe. Alhaji yana kwance, ciki shiru kamar kotu ranar Lahadi. Abdulsamad ya zo ya ce an kai ragon Alhaji Sammani gida, an ɗaure a ƙofa, har yara suna kiran ragon da sunan mai shi. Alhaji ya yi jawabi a kan haƙƙin kaka na wajen uba. Ya yi wani a kan 'yancin ɗan ƙasa. Duk lokacin da ya kai ga kalmar nan tasa, fo yana zuwa, a wanke, a rufe.

Can da hantsi Nana Firdausi ta zo duba ledar ƙarin ruwa. Tana gyara allurar take cewa, kamar da kanta take magana, "Ni dai na san ƙara irin ta manya ba a gaban ƙananan ma'aikata ake yin ta ba. Sai a gaban Matiron, shugabarmu, ido da ido. Amma ofishinta da nisa, can ƙarshen baranda. Mai ɗinki ba zai iya ba."

Ba a taɓa gaya wa Barista ba zai iya ba ya kwana. Ya sauko da ƙafafu. Ya sa aka ɗora masa baƙar kwat a kan rigar asibiti. Kwat ɗin ta rufe abin da ta iya rufewa. Ya riƙe jaka a hannun hagu, ya kama ƙarfen ƙarin ruwa da dama kamar sandar girma, ya fita yana turawa, ƙafafun ƙarfen suna kuka.

Da ya isa ƙarshen baranda aka ce Matiron yanzun nan ta tafi wajen ɗakin magani, can ɗaya ƙarshen. Ya juya. A ɗakin magani aka ce ai sun yi saɓani, ta koma ofis. Ya sake juyawa. Sista Abeke na biye da shi a baya da keken marasa lafiya, wai ko zai gaji. Ya ce mata mai gaskiya ba ya gajiya. Duk wanda ya tambaya, da ladabi ake nuna masa hanya, kuma kullum hanyar mai nisa ce. Asibitin ƙarami ne, amma ranar ya yi faɗi.

A ƙarshe ya same ta a tsakiyar baranda, wurin da masu jiran likita suke zaune a benci, cikinsu har da matan Sabo da suka kawo yara rigakafi. Alhaji ya ga jama'a, zuciyarsa ta yi fari. Ya ajiye jaka, ya gyara wuyan kwat, ya yi gyaran murya.

"Madam Matiron. Ni ne Alhaji Isiyaku, wanda kotu ta sani. Na zo in sanar da ke a gaban shaidu cewa haƙurina ya ƙare. Abin da na daɗe ina riƙewa, yau zan sake shi. Babu mai roƙona. Babu mai tare ni. Ku saurara da kyau, domin ƙarar da za ku ji yanzu..."

Aka ji ta.

Ba gajeriya ba ce. Ta fara da ƙasa-ƙasa, ta ɗaga, ta ɗan dakata kamar mai neman hujja, sannan ta kammala. Wani jariri da yake kuka ya yi shiru.

Matiron ba ta yi ko murmushi ba. Ta ce, "An saurari ƙararka, Alhaji, kuma an karɓa. Sista, a ba shi kunu. Idan likita ya duba shi da yamma, ya tafi gida."

Sista Abeke ta ce masa barka. Matan benci ma suka ce barka, domin sun ga abin na barka ne. Alhaji ya koma gado a keke, jaka a cinya. A hanya ya gaya wa Hajiya cewa ta gani da idonta, magana ɗaya ya yi suka sallame shi.

Ranar Alhamis da sassafe ya zauna kusa da liman cikin farar shadda, ya raɗa suna. Aka ce yaro ya ci sunan Isiyaku. Aka yanka ragon Alhaji Sammani, wanda ya yi ta cewa madalla yana kallon wani wuri.

Amma yaron da ya ci sunan kakansa ba a kiransa da sunan, sai an nemo masa na alkunya. Matan da suka je rigakafi sun riga Alhaji isowa gida da labari. Kafin a gama rabon goro, cikin gida ya riga ya zartar: Masu, daga "Ma su" ɗin da kakansa ya faɗa wa Sista Abeke.

Aka kawo jaririn zaure aka ɗora wa kakansa a cinya. Alhaji ya ɗaga shi ya nuna wa jama'a, ya ce wannan da gani lauya ne, duk abin da shi ya faɗa da baki, wannan zai aikata. Ya mayar da shi kan farar shadda.

Yaron bai yi gargaɗi ba, bai nemi shaidu ba. Nan take ya cika alkawarin da kakansa ya yi wa Sista Abeke.